Wayar Malam da Ƙofofin Talla: Nazarin Wata Shida

Mutumin da wayarsa

Malamin da wannan nazari ya shafa yana karantar da fiƙihu da hadisi a wata makarantar Islamiyya a Zariya, kuma ya ba shekara hamsin baya. Abokin mahaifina ne tun suna neman karatu tare, shi ya sa nake ce masa Baba, shi kuma ya ce mini ɗana. Da sharaɗin ba za a ambaci sunansa ko unguwarsa ba ya yarda a rubuta labarin.

Wayarsa irin mai sauƙin kuɗin nan ce da ta cika hannun jama'a: Android 11, ma'ajiya gigabait 32, ƙwaƙwalwar aiki gigabait 2. Abin da yake yi da ita kaɗan ne. Yana amsa tambayoyin ɗalibai a WhatsApp, ya duba matanin hadisi ko ƙamus na Larabci, ya karanta labarai a shafukan Hausa, ya saurari karatun malamai a YouTube. Duk wata yana sayen data gigabait 10. Yana karanta Larabci da ajami da boko, amma Turancinsa bai taka kara ya karya ba, alhali duk tambayar da wayar za ta yi masa da Turanci take yin ta.

Disamba 2024: yadda abin ya fara

Wata rana bayan la'asar suna karatu da manyan ɗalibai, aka sami saɓani a kan lafazin wani hadisi. Malam ya buɗe wani shafi da ya saba dubawa, ya miƙa wa ɗalibi wayar ya karanta a bayyane. Kafin yaron ya kai layi na biyu, hoton wata mace da ba ta da suturar kirki ya rufe fuskar wayar gaba ɗaya. Ɗalibin ya sunkuyar da kai ya mayar da wayar, bai ce uffan ba. Da Malam yake ba ni labari daga baya, cewa ya yi: "Wallahi ɗana, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige."

A cikin makonnin da suka biyo baya abin ya yaɗu. Saƙonni suka riƙa saukowa daga saman wayar ko da bai buɗe komai ba, wani ya ce wayar ta kamu da cuta, wani ya ce ya ci kyauta, wasu kuma na caca ne. Kuɗin kira ma suka riƙa raguwa naira 50 kullum ba tare da ya kira kowa ba. Ya yi ta danna alamar rufewa, wadda ƙanƙanuwa ce har yatsa ba ya samun ta daidai, sau da yawa ma sai ta buɗe wani shafin. Ya goge tarihin shafukan da ya ziyarta. A ƙarshe ya daina ba kowa wayarsa, ya koma ɗaukar littattafai a jaka zuwa makaranta.

Janairu 2025: kasuwar 'yan waya

A makon farko na Janairu ya kai ta wurin wani mai gyara. Mai gyaran ya duba ya ce: "Allah gafarta Malam, bairos ne." Ya saka masa wata manhaja ta share datti da kashe bairos, ya karɓi naira 1,500. Bayan kwana biyu talla ta fara fitowa a wurin da da ba ta fitowa: da zarar an jona caji, da zarar an gama kira, har a kan fuskar wayar tana kulle.

Ya koma, aka ce sai dai a yi mata fulashin. Aka goge komai. A nan ne ya yi asarar muryoyin karatun da ya naɗa na kusan shekara biyu, domin ba a kwafe su ko'ina ba, kuma babu wanda ya tambaye shi kafin a goge. Wayar ta lafa kwana tara, a na goma komai ya dawo. Daga baya muka gano dalili biyu. Lokacin da aka mayar da asusunsa na Google, wayar ta sake sauko da tsofaffin manhajojinsa, har da mai share dattin. Sannan shafukan da yake buɗewa sun ci gaba da tambayarsa izinin turo sanarwa, shi kuma ya ci gaba da danna Allow, wato ya yarda, domin a zatonsa sai ya danna shafin zai buɗe.

Fabrairu 2025: ƙoƙarin babban ɗansa

Ranar 20 ga Janairu 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari, kuma a Fabrairu aka fara ji a aljihu. Datar Malam ta wata ɗaya tana ƙarewa a kwana 19 ko 20. Babban ɗansa, ɗalibin kwaleji da ya zo hutu, ya ce shi zai magance abin. A tasa kwamfutar yana amfani da uBlock Origin mai toshe talla, ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, su ƙara mata aiki, waɗanda masu harkar ke kira ekstenshan. Ya buɗe Chrome a wayar mahaifinsa ya nemi wurin saka shi. Ya yi awa guda yana nema bai samu ba, saboda babu shi. Chrome na wayar Android ba ya karɓar ekstenshan, ko da yake na kwamfuta yana karɓa. Abin da yake da shi shi ne matacin talla da Google ya kunna a Fabrairu 2018, wanda ke hana talla a shafukan da suka wuce gona da iri bisa wasu ƙa'idoji, sauran tallar kuwa ya bar ta ta wuce.

Ya shiga Play Store ya nemi manhajar toshe talla. Yawancin abin da ya gani burauzoji ne masu zaman kansu, ko manhajojin da ke aiki da wata burauza daban. Wannan ma yana da tarihi: tun Maris 2013 Google ya cire manhajoji irin su Adblock Plus da AdAway daga kantinsa, bisa hujjar cewa suna yin katsalandan a aikin wasu manhajoji.

Sai wani abokinsa ya tura masa Kiwi Browser ta Xender. Ita wannan burauza da ginshiƙin Chrome aka gina ta, amma tana karɓar ekstenshan. Ya saka, ya maƙala mata uBlock Origin, shafukan suka fito fes. Sai dai saƙonnin da ke saukowa daga sama ba su daina ba, tallar da ke rufe fuska bayan kira ma tana nan.

Daga nan ya gwada abin da ya gani a wani bidiyo. Tun daga Android 9, wadda ta fito a 2018, akwai wani wuri a saitin waya mai suna Private DNS. Ya rubuta dns.adguard-dns.com a wurin, adireshin wani kamfani da ke hana waya kaiwa ga dillalan talla. Tallar da ke cikin manhajar lokutan salla da ta ƙamus ta ɓace nan take, wadda ke fitowa bayan kira ta ragu sosai. Ta YouTube ko gezau ba ta yi ba. A wasu shafukan kuma sai a ga fili fari fetal a inda talla take da. Hutu ya ƙare, yaron ya koma makaranta, Malam kuma ya koma buɗe Chrome da ya saba, domin tambarin da ya sani ke nan.

22 ga Fabrairu: zaman da muka yi

Na je gaishe shi ranar Asabar, mako guda kafin azumi. Bayan mun gaisa ya ajiye wayar a kan buzu ya ce: "Ɗana, ko dai ka gyara ta, ko in koma ƙaramar waya mai maɓalli." Na ce: "Baba, a ba ni zuwa magariba."

Ban saka komai ba da farko. Na roƙe shi ya nuna mini kowace talla a inda take fitowa, ina rubutawa a takarda. Da muka gama, abin da Malam yake kira talla da suna ɗaya ya rabu gida huɗu, kowanne da ƙofar da yake shigowa.

Saƙonnin da ke saukowa daga sama na fara bi. Na danna ɗaya na riƙe, wayar ta nuna cewa ta Chrome ya zo, daga wani shafi mai sunan da ba ya karantuwa. A saitin Chrome, wurin izinin sanarwa, na tarar da shafuka 23 da aka yarje wa. Malam bai san ko ɗaya ba. Na soke su duka, na kashe tambayar ma baki ɗaya don kada wani shafi ya sake yi masa ita. Wannan aikin bai ɗauki minti biyar ba, kuma shi ne abin da fulashin da asarar karatun shekara biyu ba su magance ba.

Tallar da ke rufe fuska bayan kira daga manhaja take zuwa. Android tana da jerin manhajojin da aka ba izinin bayyana a kan sauran manhajoji. Mai share dattin tana ciki, da wata ta tocila da ba ta da dalilin neman wannan izini. Na cire su biyun.

Kuɗin kira da ke raguwa ba laifin waya ba ne kai tsaye. Wata rana a cikin danne-dannen rufe talla an shigar da layinsa wani tsarin biyan kuɗi na kullum. Na danna *305#, lambar da NCC ta ware wa dukkan layukan Najeriya don dakatar da irin waɗannan tsare-tsare, muka ga guda ɗaya, muka soke. Na kuma tura STOP zuwa 2442 don a daina turo masa saƙonnin talla.

Saura ƙofa ta huɗu, wadda ta jawo abin kunyar tun farko: tallar da ke cikin shafi kansa. Kiwi tana aiki, amma na cire ta. Mai ita ya sanar cewa ya daina kula da ita bayan Janairu 2025, kuma burauzar da ba a sabunta ta tamkar gida ne da katangarsa ke zubewa babu mai yaɓe, domin kusan kowane wata ana gano sabuwar ɓaraka a ginshiƙin da aka gina ta a kai. Ga shi kuma fayil ɗin hannu da hannu ya zo, ba mu san ta inda ya biyo ba. Na sauko da burauzar Firefox daga Play Store. A Agusta 2020, da kamfanin Mozilla ya sake gina ta ta Android, ekstenshan ƙalilan kawai ta bari a saka, kuma uBlock Origin yana cikinsu. Ranar 14 ga Disamba 2023 aka buɗe ƙofar sosai, da fiye da 450. uBlock Origin kaɗai na saka masa, ban taɓa saitinsa ba, na bar shi da jerin matatan da yake zuwa da su, irin su EasyList da 'yan sa-kai ke sabuntawa. Na mai da Firefox burauzar da wayar za ta riƙa buɗe kowane mahaɗi da ita, na ɗora tambarinta daidai inda na Chrome yake a da, domin yatsa inda ya saba yake zuwa. Private DNS kuwa na bar shi a kunne saboda manhajar salla da ƙamus.

Kafin in tafi Malam ya yage 'yar takarda ya ce in nuna masa kalmomin biyu. Ya kwafi Allow da Block, wato yarda da hanawa, da hannunsa, a gefen kowacce ya rubuta ma'anarta da ajami, ya cusa takardar a bayan rigar wayar.

Maris 2025: watan azumi

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris. A makon farko ya kira ni sau uku.

Kiran farko a kan nauyi ne. Firefox ta fi Chrome jan jiki a wayar mai gigabait 2, kuma idan ya fita zuwa WhatsApp ya dawo sai shafin ya sake lodi daga farko. Da na duba, shafuka sama da arba'in ne a buɗe, domin bai san ana rufe su ba. Na saita ta ta riƙa rufe su da kanta bayan kwana ɗaya. Nauyin ya ragu, bai tafi duka ba.

Na biyu ya fi tayar masa da hankali: tallar caca ta sake fitowa a wani shafin labarai. Ashe daga Facebook ya danno mahaɗin, ita kuwa manhajar Facebook tana buɗe shafi a cikin 'yar burauzarta ta cikin gida, inda uBlock ba ya kaiwa. Na nuna masa ɗigo ukun da ke sama, inda ake zaɓar a buɗe shafin a waje. Wannan bai zauna masa a kai da wuri ba, har yanzu yakan manta.

Na uku, shafin biyan kuɗin jarrabawar 'yarsa ne ya ƙi wucewa. Na ce ya buɗe uBlock ya danna babban maɓallin shuɗin nan, wanda ke kashe toshewar a wannan shafin kaɗai. Ya biya, komai ya tafi daidai.

Daga wannan maɓallin ne wata magana ta taso da ban yi tsammani ba. Ranar da na je shan ruwa gidansa, bayan mun idar da salla ya ce: "Ɗana, akwai abin da ke damuna. Yaran nan masu rubuta labarai da Hausa, da tallar nan suke cin abinci. Ina karanta aikinsu ina toshe musu hanyar abinci. Ban shiga haƙƙinsu ba kuwa?" Na ce masa gaskiya ne, ƙananan shafukan Hausa da yawa ba su da wata hanyar samun kuɗi sai ita, kuma galibi ba su ne ke zaɓar hoton da zai fito ba, dillalan talla ne ke gwanjon wurin cikin ƙiftawar ido. Ya yi shiru, sannan ya zaɓi shafuka biyu da ya fi karantawa ya ce a buɗe musu. Ɗaya ya ci gaba da nuna tallar makarantu da kayan gida, har yau a buɗe yake. Ɗayan bai cika mako ba ya nuno caca, Malam da kansa ya mayar da toshewar. Ban ga laifinsa a ko ɗaya daga cikin hukuncin biyu ba.

Tafsiri kuwa ya koma sauraro ta shafin YouTube a cikin Firefox maimakon manhajar, saboda tallar kiɗa da ke katse karatu a tsakiyar aya. Yawancin lokaci yana tafiya lafiya. Tun 2023 YouTube ke yaƙi da masu toshe talla, don haka wani lokacin bidiyo yakan tsaya cak har sai an sabunta jerin matatan.

Afrilu zuwa Yuni: abin da awo ya nuna

Bayan Sallah, wadda aka yi ranar 30 ga Maris, muka bar wata guda cur ba a taɓa komai ba, sannan muka duba lissafin data da wayar ke ajiyewa a saiti. Gigabait 10 ta kai shi kwana 24, maimakon 19 ko 20. Malam ya so a ce ta cika wata. Lissafin ya nuna dalili ƙarara: fiye da rabin datar bidiyo ne ke cinye ta, tsakanin YouTube da abin da ake turowa a zaurukan WhatsApp. Da muka hana WhatsApp sauko da bidiyo da kansa, muka rage ingancin hoton YouTube tunda sauraro yake yi ba kallo ba, a Mayu datar ta kai kwana 30 har da ragowa. Kuɗin kira ba su sake raguwa ba. Sanarwar ƙarya ko ɗaya ba ta sake saukowa ba.

Me ya yi aiki, me ya sa

Duk wanda ya taɓa wayar kafin 22 ga Fabrairu magani ɗaya ya nema wa ciwo huɗu. Mai gyara ya ɗauka cuta ce ta shiga, alhali kusan komai da izini ya shigo, izinin da aka karɓa daga mutumin da ba a yi masa tambayar da harshen da yake ji ba. Fulashin yana goge izinin, amma ba ya hana a sake bayarwa. Ina ganin wannan ne mataki mafi muni a duk lamarin, domin shi kaɗai ne ya jawo asarar da ba ta dawowa.

Ɗan Malam ya fi kowa kusantar daidai, kuma kayan aikin da ya zaɓa masu kyau ne. Abin da ya rage masa shi ne sanin iyakar kowanne. Private DNS kamar mai nuna hanya ne a bakin unguwa: waya ta faɗa masa sunan gida, ya nuna mata, idan gidan dillalin talla ne ya ce bai san shi ba. Shi ya sa yake aiki a kowace manhaja. Amma sunan gida kawai yake ji, ba ya shiga ɗaki, don haka idan talla da bidiyo daga gida ɗaya suke fitowa, kamar a YouTube, ba shi da yadda zai raba su. Kuma duk sunan shafin da wayar ta nema yana bi ta hannun kamfanin da ke da wannan adireshi, abin da na gaya wa Malam tun ranar farko, ya ce ya yarda. Shi kuwa uBlock Origin a cikin ɗakin yake zaune. Yana ganin kowane abu da shafi ya nemi a sauko da shi, ya hana wanda ke cikin jerin tun kafin ya ci data, ya kuma rufe gurbin da ya bari. Ƙarfinsa ke nan, iyakarsa ma ke nan, domin ba ya ganin abin da ke wajen burauzar da aka maƙala shi.

Don haka a wayar Android zaɓin burauza shi ne ya yanke hukunci. Da wayar Samsung ce, da burauzar kamfanin ta wadatar, tunda tana karɓar manhajojin toshe talla tun 2016. Da iPhone ce, sai a bi ta burauzarta Safari, wadda ta fara karɓar matatai a 2015 da ekstenshan a 2021, domin Firefox ta iPhone ba ta ɗaukar uBlock Origin. Burauzojin Brave da Opera Mini suna zuwa da nasu matoshin a jiki, kuma ga waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa irin ta Malam za su iya fin sauƙi. Na tsaya a kan Firefox ne saboda matatan a fili suke, kowa na iya dubawa, kuma Raymond Hill, wanda ya fara uBlock Origin a 2014, ba ya karɓar kuɗin wani kamfani don a bar tallarsa ta wuce. Mozilla ma ta ce za ta ci gaba da goyon bayan cikakken uBlock Origin, a lokacin da Chrome na kwamfuta ya fara kashe shi tun ƙarshen 2024.

Ragin data daga toshe talla ya samu, amma kaɗan ne, kuma zan yi wa mutum ƙarya idan na ce masa wannan ne zai rage masa kuɗin wata. Abin da Malam ya nema tun farko shi ne ya iya buɗe shafi a gaban ɗalibansa hankali kwance, kuma a Firefox ya samu. A cikin manhajar Facebook bai samu ba, nan har yanzu sai ya tuna da ɗigo uku.

A tsakiyar Yuni na sake duba wayar. Jerin shafukan da ke da izinin sanarwa a Firefox guda ɗaya ne a ciki, na wata jaridar Hausa. Na tambaye shi, ya ce da saninsa ya danna, bayan ya ciro takardar ya duba.